Ranar Da Na Yi Wa Ciwon Maigidana Kwalliya

Assalamu alaikum. Ku ɗan matso kusa 'yan'uwa, musamman ku da kuke zaune a ƙasar waje da mara lafiya ko tsoho a ɗaka. Akwai abin da na daɗe ina juyawa a raina, yau dai na ce bari in rubuto shi. Saura ƙiris a ɗauke mini miji daga ɗakina a kai shi gidan ajiye tsofaffi, kuma ba wani ne ya jawo ba, ni ce da hannuna, da turaren wutana da kunun gyaɗata.

Ni 'yar cikin birnin Kano ce. Bokona bai wuce firamare ba, sai ɗan abin da na samu a islamiyya. Aure ne ya kawo ni New York, muka zauna a unguwar Morrisania, a hawa na biyar na wani tsohon bene, can na haifi 'yata guda ɗaya da Allah ya ba mu, can kuma na tsufa. Ni ba mai fita ba ce. In kin gan ni a titi, to ko kantin 'yan Afirka za ni sayen daddawa da busasshiyar kuɓewa, ko kuma Juma'a ce za ni masallaci a Tremont. Duniyata kicin ce da falo da wayar hannu. Surutu kam Allah ya ba ni, maigidana yakan ce da ana biyan kuɗin magana da tuni ya ajiye tuƙi. Turanci ina jin sa fiye da yadda nake iya mayarwa, takardar Turanci kuwa sai an karanta mini. Amma kunnena ba ya zubar da abu. Abin da aka faɗa a gabana, ko bayan shekara ne, zan maimaita miki shi har da inda mai maganar ya yi tari.

Maigidana direban tasi ne, shekaru masu yawa yana layi a filin jirgin JFK yana jiran fasinja. Mutum ne mai tsafta da son ado, wanda ko shara zai fitar sai ya sa hula. Wata safiya yana ɗaura agogo zai fita sai agogon ya faɗi, ya sunkuya zai ɗauka ya bi shi ƙasa. Shanyewar ɓarin jiki ce. Ya yi makonni a asibiti, aka sallamo mana shi hannun dama da ƙafar dama ba sa aiki, magana kuma sai ka kasa kunne sosai kafin ka tsinci kalma biyu. Komai ni nake yi masa. Ni ke ɗaga shi, ni ke yi masa wanka da tsarki, ni ke canza masa famfas na manya, ni ke ba shi abinci a baki. 'Yan dubiya kuwa ba su yanke ba, Allah ya saka musu. Abokan tuƙinsa da mutanen masallaci kullum suna hawa benen nan. Kuma kun san yadda muke. Kafin su shigo na gyara shi tsaf, su tambayi jiki a ce da sauƙi, su yi addu'a, su sha shayi, su tafi. Ba wanda ya taɓa ganin abin da ke ƙarƙashin bargo, kuma ni a lokacin wannan ne abin alfaharina.

Kafin a sallame mu an gaya wa 'yata cewa inshorar gwamnati za ta biya a riƙa turo mai jinya gida, amma sai wata nas ta zo ta duba shi ta ga yawan taimakon da yake bukata. 'Yar tawa tana aiki a wata jiha, ta ce za ta nemi hutu ta zo ranar. Na ce ta yi zamanta, baƙuwa ɗaya ce, ni da nake sallamar mutum goma a wuni. A kaina dubiya ce za a zo, sai dai ta gwamnati. Don haka tun da asuba na tashi. Na yi masa wanka, na sa masa farar shaddarsa ta Idi, na kafa masa hula, na ja shi da ƙyar na zaunar a kujerar falo na tokare shi da matasai ta kowane gefe. Hannun da ya mutu na ɗora masa a cinya na rufe da hannun babbar riga. Kwalin famfas na tura ƙarƙashin gado. Kujerar ba-haya na kai ta bayan labulen wanka, keken guragu na naɗe na sa a bayan ƙofa na rataya masa darduma. Na yi turaren wuta har sai da na'urar hayaƙin nan ta silin ta fara kuka, na hau kujera ina yi mata fifita da faifai. Sannan na dama kunun gyaɗa na soya cincin.

Nas ɗin ta zo, mace mai fara'a, da kwamfutarta, ta kira tafinta ta waya, wani ɗan Nijar mai ladabi. Ta shiga tambaya. Yana iya cin abinci da kansa? Na ce alhamdulillahi yana taɓawa. Yana zuwa banɗaki da kansa? Nan na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Ga mijina zaune yana ji, ga baƙuwar mace, ga wani namiji a waya da na isa in haife shi, a ce in buɗe baki in faɗi cewa mutumin da ya ciyar da ni shekara talatin yau ni ke yi masa tsarki? Na ce yana zuwa, sai dai a ɗan riƙe shi. Ta juya gare shi ta tambaye shi ko haka ne, ya gyaɗa kai. Ta tambayi wanka, na ce da sauƙi. Ta tambaya ko ya taɓa faɗuwa tun dawowarsa, na ce Allah ya kiyaye, alhali sau biyu muna zubewa tare. Ta tambaya ko ina da masu taimaka mini, na ce ai mu Allah ya yi mana arzikin jama'a, gidan nan ba ya rabuwa da mutane. Ta so ya miƙe ta ga tafiyarsa, na ce yanzu ya sha magani jiri yake ji. Ta yaba ƙamshin gidan, ta sha kunu rabin kofi, ta rubuta abin da ta rubuta. Da ta fita har na ji daɗi a raina, na ce yau ma asiri ya rufu.

Takarda ta zo cewa an ba mu mai jinya awa biyu, kwana uku a mako. Ban ga laifin hakan ba, na ɗauka haka ake ba kowa. Wadda kamfanin masu jinya ya turo wata baiwar Allah ce 'yar zangon Kumasi, mai jiki da ƙarfi da dariya, ta kusa sa'ata. Tana kirana Hajiya, tana kiran maigida Baba. Ni kuma ina tsokanarta da cewa Hausarta ta sha ruwan Asante, ita kuma ta ce mu Kanawa mun iya magana amma ba mu iya dafa wake da shinkafa ba. Shi kansa maigida in ta shigo sai ka ga gefen bakinsa mai lafiya ya motsa. Amma awa biyu me za ta yi? Kafin ta yi masa wanka ta canza shimfiɗa lokaci ya cika. Sauran wunin da kwanakin da ba ta zuwa duk a kaina suke.

Bayana ne ya fara ba ni sanarwa, na yi biris da shi. Ranar wata Laraba ina ɗaga shi daga kujerar ba-haya sai na ji wani abu ya tsinke mini a ƙugu, muka tafi ƙasa tare. Mun fi awa ɗaya a dandaɓen banɗaki, shi ba ya iya tashi, ni ba na iya ɗaga shi, sai da maƙwabcinmu ya dawo na buga masa bango. Washegari na kira kamfanin da kaina da ɗan Turancina na tsince-tsince, na ce ina so matar nan ta riƙa daɗewa kuma ta riƙa zuwa kullum. Wadda ta ɗauka ta ce babu damuwa, za su aiko da takarda in sa hannu. Na nemi tafinta, ta ce ai ta fahimce ni sarai. Takarda ta zo, shafi huɗu, na sa hannu inda aka yi alama da jan biro. Har addu'a na yi musu, na ce ƙasar nan akwai tausayi.

Bayan wata guda ambulan ya iso da lambobi a ciki. Lamba kam ina ganewa. Na ɗauka kuskure ne, na kira su, sai a ranar aka yi mini bayani. Ashe gwamnati awa shidan nan na mako kawai take biya, duk abin da ya hau kai daga aljihunmu ne. Kuma lissafin nasu ba yadda ni da ke za mu yi ba ne. In matar ta ƙara awa ɗaya, kuɗin awa huɗu suke rubutawa, wai ba sa sayar da ƙasa da haka. Asabar da Lahadi farashinsu daban. Akwai wasu kwana biyar da aka sake kwantar da maigida a asibiti saboda zazzaɓi, matar ba ta ko tako gidan ba, amma duk an caje mu, wai ban sanar da ofis kwana guda kafin nan ba. Na ce da matar wayar wa yake sanin gobe zai kwanta asibiti, ta ce tana cikin takardar da na sa wa hannu. Abin da ya fi ci mini rai, na san ita mai jinyar ba ta ganin ko rabin wannan kuɗin.

A nan na ƙara kuskure a kan kuskure. Ban gaya wa kowa ba. 'Yata tana biyan hayar gidanmu tun da mahaifinta ya kwanta, ban ga idon da zan kalle ta da wani sabon nauyi ba. Na sayar da warwarona biyu na zinare na kai musu, bai rufe ko wata ɗaya ba. Ambulan na biyu da na uku na cusa su cikin akwatin zannuwana, tsakanin atamfofin da ban taɓa ɗinkawa ba. In 'yata ta kira ta ce Umma ya gida, in ce lafiya lau. Daga ƙarshe suka aiko cewa ƙarshen wata za su janye ƙarin awannin. A satin kuma wata ma'aikaciyar jin daɗin jama'a daga asibiti ta kira, don labarin faɗuwarmu ya kai gare su, ta ce in babu isasshiyar kulawa a gida, abin da ya fi masa aminci shi ne a kai shi gidan tsofaffi. Na taɓa zuwa dubiya irin gidan nan. Ba na ce ba sa ƙoƙari ba, amma na tuna mutumin da ba ya cin abincin da ba nawa ba, wanda in lokacin salla ya yi yake buga gefen gado da hannun hagu in zo in yi masa taimama in juya shi gabas. Wa zai gane bugun nan a can?

'Yar Kumasi ce ta kama ni. Ta shigo ta same ni a kicin na sa albasa a gaba ban yanka ba ina hawaye, ta ce Hajiya albasar ma ba a taɓa ta ba, wannan kukan na mene ne. Na ɗauko mata takardun. Ta zauna ta karanta, sannan ta tambaye ni yadda aka yi mutumin da ba ya iya juya kansa a gado aka ba shi awa biyu, don ita tun zuwanta abin yake ɗaure mata kai. Na ba ta labarin ranar da nas ta zo, har da shadda da turare. Ta yi dariya har da riƙe ciki, sai kuma ta tsaya cak ta yi mini faɗan da tun rasuwar mahaifiyata ba a yi mini irinsa ba. Ta ce nas ba dubiya ta zo ba, awo ta zo yi, kuma abin da idonta ya gani da abin da bakina ya faɗa shi ta auna. Ta ce na nuna wa gwamnati ango, gwamnati ta ba ni taimakon ango. Ta ce ba ni kaɗai ba ce, ta shiga gidajen mutanenmu da yawa ta ga irin wannan, kowa yana ɓoye fo yana fesa turare. Ta ce akwai hanyar kai koke kuma ana iya neman a sake awon, amma ita ma'aikaciyar kamfanin ce, iyakarta ta nuna mini ƙofa. Sharaɗinta ɗaya, in kira 'yata a gabanta kafin ta bar gidan.

'Yata ta iso a ƙarshen mako. Na shirya wa faɗa, sai ta duba hannuna ta ga babu warwaro, wannan kallon ya fi mini faɗa ciwo. Ita ta rubuta koken, kashi biyu, ɗaya a kan a sake duba mahaifinta, ɗaya a kan yadda aka caje mu. Da ta ce matsalar ita ce na sa hannu kuma ba mu da shaidar cewa ba a yi mini bayani ba, sai kunnen nan nawa ya yi rana. Na ce mata duk lokacin da na kira kamfanin, kafin mutum ya ɗauka akwai wata murya da take cewa ana naɗar maganar. Na ce ranar Alhamis ce, bayan azahar, washegarin faɗuwarmu. Na maimaita mata abin da matar ta faɗa da Turancinta tiryan-tiryan, har inda na nemi tafinta ta hana, har inda ta ce da wani a gefenta ya ajiye mata abincinta. Na ce ko sau ɗaya ba ta ambaci kuɗi ba. 'Yata ta kalle ni ta ce Umma da kin yi karatu da lauyoyi sun shiga uku. Ta rubuta a nemo naɗin.

Sai abu mafi wuya ya rage, wato zuwan nas na biyu. Na san abin da ake so in faɗa, amma mutuncin ba nawa ba ne ni kaɗai. Da hantsi bayan na ba shi koko na zauna a bakin gado na ce Alhaji ina neman izini. Na gaya masa komai, bashin da gidan tsofaffin da kuma abin da za a tambaye ni a gabansa. Na ce in bai yarda ba, ba zan faɗa ba, sai mu san yadda za mu yi. Ya juyo da ido ya kalle ni. Sannan ya yi magana, sai da ya maimaita sau uku na gane. Cewa ya yi bayanki fa. Wato duk tsawon lokacin nan yana jin nishin da nake yi in na ɗaga shi. Bai ce e ba, bai ce a'a ba, abin da ya faɗa ke nan.

Ranar da nas ta zo, wata daban ce ba ta farko ba, ban kunna turare ba. Wallahi hannuna har ƙaiƙayi yake yi. Na bar kwalin famfas a inda yake, kujerar ba-haya a gefen gado, shi kuma yana kwance da rigar barcinsa. Hula kawai ya nuna da ido na sa masa. Aka kira tafinta, ta fara tambaya, muka zo kan maganar banɗaki, sai tsohuwar amsar nan ta taso mini. Kafin in buɗe baki, sai maigida ya kai hannun hagunsa ya kama bakin bargon ya yaye shi da kansa har gwiwa. Ya ɗago mataccen hannun da mai lafiyar ya sake shi ya faɗi a katifa, yana kallon nas ɗin ido cikin ido. Mutumin da ko singileti bai taɓa fitowa falo da ita ba in akwai baƙo. Daga nan na faɗi komai, da faɗuwarmu uku, da yawan juyin da nake yi masa, da cewa jama'ar da ke cika gidan addu'a suke kawowa ba ɗauka ba. Ina faɗa ina kuka, tafintan ma sai da muryarsa ta canza. Nas ɗin ba ta nuna ƙyama ba, ba ta kuma nuna tausayin da ke ƙona rai ba. Ta gyara masa bargon da hannunta ta ci gaba da rubutu.

An ɗauki watanni ana kai da kawo, ba zan ce abin ya zo da sauƙi ba. Amma an ƙara masa awanni sosai, kullum har Asabar da Lahadi, kuma inshorar ce ke biya. An saurari naɗin wayar aka tarar yadda na faɗa haka yake. Aka cire kuɗin kwanakin asibiti, aka cire na awannin da ba a yi aikinsu ba, abin da ya saura muka biya kaɗan-kaɗan, don matar ta yi aikin kuma haƙƙi ne. Warwarona ba su dawo ba. Maganar gidan tsofaffi kuwa ba a sake tayar da ita ba. Yanzu haka da nake rubutun nan yana falo, 'yar Kumasi tana yanke masa farce tana ba shi labarin ƙwallo, ina jin su daga kicin. Na roƙi a bar mana ita aka bar mana. Ban san da me zan biya matar nan ba. Duk salla tana cikin addu'ata, ita da 'yata, da nas ta biyu, har da ta farkon ma, don ba ta zalunce mu ba, abin da na nuna mata ta rubuta.

Har gobe in mutanen masallaci za su zo ina sa masa shadda ina yin turare, in sun tambayi jiki in ce da sauƙi. Wannan tarbiyyarmu ce kuma ban ga aibunta ba. Abin da na koya shi ne ba kowane mai ƙwanƙwasa ƙofa ne ɗan dubiya ba. Wanda ya zo da takarda don ya auna bukatarku, ku bar shi ya ga gidan yadda ya kwana. Kada ku sa hannu a abin da ba a karanta muku da harshenku ba, ku tambaya ƙarara wa zai biya kuma yaya ake lissafin, in an hana ku tafinta ku ajiye wayar. In ambulan ya zo ya fi ƙarfinku, kada ku kai shi akwatin zannuwa, ku nuna wa 'ya'yanku tun yana guda ɗaya. Ni na ɗauka ina kare mutuncin mijina ne, ashe ina tura shi hannun baƙi su riƙa ganin abin da na ɓoye wa mutum ɗaya, safe da yamma, a gidan da babu ni.

Ke 'yar'uwa da kike da mara lafiya a ɗaka, in gobe aka ce mai awo tana tafe, me za ki fara turawa ƙarƙashin gado?